Katako a Ƙarƙashin Totur

Sheme, farkon watan Safar.

Zuwa ga ɗana Abdulgafar, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da ka sani, da zazzaɓin damina da ya kayar da yara, sun tashi. Gero ya nuna, wanda aka noma kusa da gari ke nan. Na nesa kuwa an bar ma tsuntsaye da mutanen daji. Tun da aka rufe layukan waya mun koma zamanin da na sani, a ba direba takarda a hannu. Ni abin bai dame ni ba. Ni ke faɗa, ɗan'uwanka shina rubutawa. In ka ga wani wuri ya yi laushi, shi ne ya rage mani magana.

Mota ta iso. Ka kyauta da ka ɗoro ta bayan tirela, ba ka ba wani mahaukaci ya tuƙo ta ba. Fara ce tas, kujerunta da leda. Sai dai babu kuloci, wai ita ke sa ma kanta giya. To, zamani.

Na ji saƙonka: ta zauna gidana, ɗan'uwanka shi riƙa tuƙawa, a je Damari a ɗauko mahaifiyarka ta dawo kusa da mu tunda can babu kwanciyar hankali. Za a yi. Amma ba yanzu ba.

Sabon inji kamar sabon bijimi ne, ba a ɗaura mashi garma ranar da aka kawo shi. Ƙarafan ciki ba su san juna ba, fistin bai san gidanshi ba, ringi bai kwanta ba. In ka take shi tun shina ɗanye sai su ci juna, shi riƙa shan baƙin mai shina hayaƙi har shi mutu, kuma babu bakaniken da zai gyara maka wannan. Horo ake yi mashi. Shekarar da aka canza hannun tuƙi aka koma dama, maigidana Alhaji Abdulƙarim na Ƙanƙara ya sayo sabuwar babbar mota, muna ɗibar auduga zuwa Funtuwa. Kafin shi ba ni makulli sai da ya sa aka ɗaure guntun katako ƙarƙashin totur, ko ka so takawa ƙafarka ta tsaya nan. Na ji haushi a raina. Motar nan ita ta kai shi makwancinshi, ita ta kai ɗiyanshi gidajen aure, ba a taɓa buɗe injinta ba. Wani Salahuddeen da aka ba irinta a shekarar ya ƙi katako. Kafin kaka biyu tana bisa duwatsu, kaji na ƙwai cikinta.

Don haka na sassaƙa katako da hannuna, na icen ƙirya, na huda shi, na ɗaure da waya ƙarƙashin totur ɗin motarka. Ko an taka iya ƙarfi ba ta wuce hamsin. Nan zai zauna har agogon tafiya shi cika dubu biyu. Na kuma gaya ma mai rubutun nan, gaban uwarshi, in ya taɓa katakon nan ban yafe ba. Ya wuce arba'in, ya fara furfura, amma ƙafarshi ta yaro ce.

Ka gaida Sumayya da yara.

Babanka, Alhaji Gide.

Ƙanena, ni ne Lawwali, wannan bai san na ƙara ba. Da gaske yake fa. Jiya wani mai babur da buhu biyu ya wuce ni yana ɗaga mani hannu, wai ko in kama igiya ya ja ni. Dariyar ba ta dame ni ba. Ka san hanyoyinmu yanzu, ba a bin su sai da gudu. Motarka ce, kai zai ji. Ka rubuto masa ya cire.

*

Fatakwal, tsakiyar watan Safar.

Zuwa ga Baba Alhaji.

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na ji daɗin jin kuna lafiya. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi, ya sa a girbe abin da aka samu lafiya. Sumayya da yara suna gaishe ka da Inna.

Baba, na gode da ɗawainiyar da kake yi da motar nan. Tun rasuwar mahaifinmu ba mu da uban da ya wuce ka, kuma duk zuriyarmu babu wanda ya kama ƙafarka a sanin mota. Labarin Alhaji Abdulƙarim tun muna yara muke jin sa a bakinka.

Sai dai ranar da na je karɓar ta, mutanen kamfani sun ce mini injinan yanzu ana gwada su tun a masana'anta. Abin da suka ja kunnena a kai shi ne kada a yi mata lodi fiye da kima, kada a daɗe ana tafiya a kan gudu iri ɗaya, a kuma canza baƙin mai a kan lokaci. Ban ji sun ambaci katako ba, ko da yake wataƙila ni ne ban tambaya ba. Ni yaro ne, ban isa in koya maka ba. In ka ga babu laifi, da an ɗan sassauta wa Yaya Lawwali saboda yanayin hanya. Amma duk yadda ka gani shi ne daidai. Motar taka ce, ni ma naka ne.

Damuwata mahaifiyata ce, Goggo. Don ita na sayi motar nan. Ina son kafin a gama girbi ta bar Damari.

Za a tura mu aiki kan ruwa na ɗan lokaci, can ko waya ba ta shiga. In an ji ni shiru, shi ne dalili.

Ɗanka, Abdulgafar.

A wata 'yar takarda daban: Yaya Lawwali, na faɗa masa iya yadda ɗa zai faɗa wa uba. Zai gane.

*

Sheme, ƙarshen watan Safar.

Zuwa ga ɗana Abdulgafar.

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi in rana ta yi. Innarku na fama da haƙori. An fara yankan gero, ana shigowa da shi tun da rana, babu mai yarda la'asar ta same shi a gona.

Takardarka na sa an karanta mani ita sau biyu. Na biyun na kai ma Malam Uwais mai shagon magani, don kar a yi mani ƙari ko ragi a gida. Ta yi daidai. Ka ce duk yadda na gani shi ne daidai. Allah shi yi maka albarka, tarbiyyar ƙanena Mas'udu ba ta faɗi ƙasa ba. Mutanen kamfani kuwa ka rabu da su. Mai sayar da mota so yake ta mutu ka koma ka sayi wata.

Ga shaida. Na sa an juye baƙin mai na farko cikin farin kwano, na fita da shi rana na karkata. Can ƙasa sai ga wani ƙyalli kamar garin kwalli. Ƙarfe ne wannan, wanda injin ya goge daga jikinshi. Da an take shi da ba gari za ka gani ba, tsakuwa za ka gani. Na dangwalo da yatsa na nuna ma ɗan'uwanka, ya kau da kai. An zuba sabon mai, an canza matatar. Kullum da safe ni da kaina nake zaro sandar awo in duba, in leƙa ruwan lagireto, a tayar da ita a bar ta ta ɗumama kafin a motsa.

Horon na tafiya a hankali don fetur ya yi wuya. Sai gidajen man da aka yarda, kaɗan-kaɗan, jarka kuwa an hana. Da hantsi mukan bi hanyar Funtuwa mu juyo, ina gefe ina sauraron injin. Agogo bai kai rabi ba.

Hanyar Ƙanƙara an rufe ta, har matar ɗan'uwanka ta kasa zuwa 'Yargoje ta'aziyyar kawunta. Yanzu kowa ka taɓa sai shi ce gudu ke ceton mutum. Ni na san hanyoyin nan tun suna burji, kuma na san inda kowane direba ya mutu, da sunanshi da na ubanshi. Gadar da ke gaban Faskari, Ɗanjuma ɗan Ilu, gudu. Kwanar shiga Sabuwa, Mati ɗan Barau da yaron motarshi, gudu. Da hannuna na ɗauke su. Ban taɓa ɗaukar gawar wanda ya tafi a hankali ba.

Mahaifiyarka ta aiko, ta ce an shiga ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, wasu sun fara kwashe kaya. Na aika mata ta ƙara haƙuri kaɗan, masara ta shiga rumbu, agogo shi cika. In abin ya matsa sai a je a haka. Hamsin ma tafiya ce. A kan hamsin na yi shekaru ina kai auduga, ba ta taɓa ruɓewa a hanya ba.

Babanka, Alhaji Gide.

Ƙanena, Lawwali ne. Bai gane ba. Baba in ka ce masa in ya ga dama, to ya ga damar ke nan. Na je har Zariya don in kira ka, layinka a kashe. Ka rubuto masa baƙi da fari: a cire. Waya ce kawai, da filaya zan kwance ta kafin ka sha ruwa, amma kai ma ka san ba zan iya ba. Mutumin da ko sunana bai taɓa kira ba don kunyar ɗan fari, ban taɓa tsallake maganarsa ba, ba zan fara da “ban yafe ba” ina da furfura. In Goggo ta sake aikowa, zan tafi a haka.

*

Fatakwal, tsakiyar watan Mauludi.

Zuwa ga Baba Alhaji.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yau na sauko daga kan ruwa, na tarar takardarku ta daɗe tana jirana.

Baba, ka gafarce ni, wancan karon ban yi magana yadda ya kamata ba. A cire katakon nan ranar da takardar nan ta same ka. Ba shawara nake bayarwa ba. In inji zai lalace ya lalace, kaji su yi ƙwai a cikinta, ban damu ba. Ba don ta daɗe na saye ta ba, don ta fitar da mutane na saye ta. Mutanen da ke kan hanyar nan a kan babura suke, kuma baburansu sun fi hamsin nesa ba kusa ba.

Ka janye kalmar da ka ɗora wa Yaya Lawwali, a gaban Inna, inda ka faɗe ta. Kada ya kama hanyar Damari da katakon nan.

Na san ban taɓa yi maka magana haka ba. In na zo ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, zan durƙusa in karɓa.

Ɗanka, Abdulgafar.

*

Sheme, ƙarshen watan Mauludi.

Zuwa ga ɗana Abdulgafar.

Assalamu alaikum. Wannan ba rubutun da ka saba gani ba ne. Malam Uwais ke rubutawa.

Muna nan. Mahaifiyarka tana gidana, lafiyarta lau sai kafaɗa da ta bugu, ana gasa mata. Mota ma tana nan. Gilashin gaba da na gefen direba babu, ƙofa ta huje. Inji lafiya lau.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An kashe ɗan'uwanka ranar Laraba bayan la'asar, tsakanin Damari da Ɗandume.

Mahaifiyarka ta sake aikowa cewa unguwarsu ta watse, saura ita da gidaje kaɗan. Ɗan'uwanka ya zo da safe ya durƙusa ya ce zai tafi. Na ce to. Bai tashi ba, ya tsaya kamar akwai sauran magana. Na ce Allah shi kiyaye hanya, kar ka manta ka duba ruwan lagireto. Ya ce to, Baba. Ya tashi.

Sauran daga bakinta na ji, zan faɗa maka yadda ta faɗa. Ta ce da suka gama ɗaure kaya, wani maƙwabcinta ya leƙa ya ga katakon, ya ce, “Kai, wanga mi ne? Da wanga za ka bi hanyar nan? Kawo filaya ni in cire maka, ai ba kai ka taɓa ba.” Ita ma ta sa baki ta ce a cire, in ya so ita ta yi mani bayani. Sai ɗan'uwanka ya yi dariya ya ce, “Ku bar shi, Goggo. Baba ba katakon ya ɗaure ba, ni ya ɗaure.”

Suka taso tare da wata tsohuwar motar haya mai hayaƙi, irin wadda ni ba ni yarda in kira mota. Suna cikin tafiya babura suka fito daga cikin dawa ta bayansu. Mai hayaƙin ya taka, ya ɓace, shi da fasinjojinshi duk sun kai Ɗandume. Ɗan'uwanka kuwa ya ce, “Goggo, kwanta.” Ta kwanta tsakanin kujeru. Ta ce daga nan ba ta ga komai ba. Abin da take ji salatinshi, da ƙafarshi na dukan katako, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Bai tsaya ba, suka harbe shi. Mota ta gangara cikin gonar dawa ta tokare da kunyar gonar ta tsaya. Suka kwashe kaya, suka dubi tsohuwa suka ce wannan ba ta iya tafiyar daji, suka bar ta. Har 'yan sa-kai suka iso injin shina aiki, a hankali, ko gargada babu. Wanda ya tuƙo motar zuwa nan ya ce mani bai taɓa jin inji mai laushi irin wannan ba. Yabo ya yi nufi, bai sani ba.

An yi mashi sutura nan Sheme. Takardarka ta iso bayan sadakar uku. Malam Uwais ya so shi tsallake wani wuri, na ce karanta duka. Da ta zo da wuri, ban sani ba ko da na ji. Ba ni yi maka ƙarya, wataƙila da na ce yaro ya samu abin duniya ya yi mani rashin kunya.

Uwarshi tana kawo abinci ta ajiye ta fita. Masu ta'aziyya suna cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma na sha faɗa ma wasu haka.

Maganata kan inji tana nan, ban janye ba, sabon inji horo yake so. Amma tambaya ɗaya gare ni. Kai ka sayi motar nan, ka san abin da take ci in an sake ta. In babu katakon, da ta tsere ma baburan? Ka amsa mani irin takardarka ta ƙarshe, ba irin ta farko ba.

Babanka, Alhaji Gide.

*

Fatakwal, farkon watan Rabi'u Sani.

Zuwa ga Baba Alhaji.

Wa alaikumus salam. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Yaya Lawwali, ya karɓi shahadarsa, ya ba mu haƙuri. Ka yi wa Inna da matarsa ta'aziyya kafin in iso. A kan uwata ya rasu, ba zan manta ba. 'Ya'yansa nawa ne daga yau.

Baba, game da tambayarka. Hanyar Damari duk ramuka ce, ba kowace mota ke samun gudu a kanta ba. Ga kaya a baya, ga mutanen nan da bindigogi, kuma harsashi ba ya tambayar gudun mota. Babu wanda zai iya cewa ga yadda da abin zai kasance. Allah ne ya rubuta masa wurin da lokacin. Duk abin da ka yi don alheri ka yi shi, kowa ya shaida. Don Allah kada ka sa wa ranka, ka ci abinci, ka kula da gwiwarka.

Na nemi hutu, an ba ni. Ina tafe.

Ɗanka, Abdulgafar.

*

Sheme.

Abdulgafar, sallama. Muna nan. Ko takardar nan ta same ka ko ku yi saɓani a hanya, sai na faɗa.

Malam Uwais ya karanta mani taka sau ɗaya, ya ce ko shi maimaita, na ce ya isa. Irin ta farko ka rubuto. Wancan karon ban iya jin ladabinka ba. Yanzu na iya. Na samu amsata.

Jiya da hantsi na kwance wayar katakon. Ba ta ba ni wuya ba ko kaɗan. Katakon ya lotsa a tsakiya, daidai inda totur ke sauka. Ƙirya ce fa, wadda gatari ke wahala a kanta.

Na kira uwarshi tsakar gida, inda na faɗi maganar farko, na ce na janye, na yafe mashi duniya da lahira. Ta dube ni ta ce, “Wa kake gaya ma, Alhaji?” Ta koma ɗaki.

Ka san ban taɓa kiran sunanshi ba. Amma na gaya maka ni ke riƙe da inda kowane direba ya mutu a hanyoyin nan, kuma ba ni tsallake kowa. Malam Uwais, rubuta. Tsakanin Damari da Ɗandume, gefen gonar dawa, Lawwali ɗan Gide. A hankali yake tafiya.

Makulli na hannun Malam Uwais, in ka zo ka karɓa, ka tafi da motarka. Ba ni ce maka ka lallaɓa ta. Amma agogon bai cika ba.

Babanka, Alhaji Gide.